Hawan duwatsun Birni da iyali: shiri, tafiya, hoto da ɗan fim na gida

Karon farko da na kwashi yarana zuwa duwatsun da ke kewaye da Birni, tsohuwar unguwar garin Zinder, a watan Afrilu ne, kuma sai ƙarfe 10 na safe muka bar gida. Duk ɗan Damagaram da ya ji wannan ya san na tabka wauta. Mu biyar ne, da gorar ruwa ɗaya mai lita ɗaya da rabi, auta kuma sanye da silifas na roba. Ba mu yi rabin awa a kan dutse ba ya zauna ya ce kansa na ciwo. Na taɓa goshinsa, na dubi gorar, saura ɗan kurɓi a ƙasa. Waya ma ta ɗauki zafi, kamara ta ƙi buɗewa. A kafaɗa na sauko da shi, muka tari kabu-kabu biyu zuwa gida. Uwargida ta karɓe shi, ta jiƙa zane ta lulluɓa masa, ba ta ce mini uffan ba sai bayan la'asar. "Malam, hoton dai ka samu?" Ko ɗaya ban samu ba.

Daga ranar na gane cewa fita irin wannan ba a auna ta da ƙarfin maigida. Ana auna ta da ƙafar mafi ƙanƙanta a cikin tafiyar, da yawan ruwan da ke cikin jaka. Yanzu kusan kowane hunturu muna fita, ga yadda muke yi.

Da farko, zaɓi wata da sa'a

Daga Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu ne lokacin. A Afrilu da Mayu zafin Zinder yakan wuce digiri 40, dutsen kuma irin wanda ke shan rana ne ya riƙe, har bayan magariba ka ɗora hannu ka ji ɗumi. Damina na da nata kyau, ciyawa ta fito tsakanin duwatsu, sama ta wanku, amma falalen dutse na santsi in an yi ruwa, macizai da kunamu sun fi yawo, ga kududdufai da ke jan hankalin yara. Ruwan kududdufi shi ke kawo tsargiya, ban da haɗarin nutsewa. In dai da ƙananan yara ne, a jira sanyi.

A Disamba da Janairu rana na fitowa wajen bakwai saura. Mukan bar gida bayan an dawo daga sallar asuba an karya, mu iso gindin dutse gari na wayewa, ƙarfe 9 da rabi mun sauko. Wanda safiya ba ta yi masa ba sai ya fita bayan la'asar, amma ya sani cewa wajen ƙarfe 6 rana ke faɗuwa, kuma sauka cikin duhu da yara ba abin gwadawa ba ne. Ranar da hazo ya yi kauri har ba ka hango ƙarshen layinku, a fasa. Ƙurar nan na tayar da asma, tana kuma sa yara tari.

Waye zai je, waye zai zauna

Wannan tambayar a daren jajibiri ake yin ta. Yaron da ya kwana da zazzaɓi, ko gudawa, ko amai, ba ya zuwa, ko da ya wayi gari yana tsalle. Mai amosanin jini a bi shi a hankali ƙwarai, domin sanyi da ƙishirwa da gajiya duk suna iya tayar masa da ciwo: a sa masa rigar sanyi, a yawaita ba shi ruwa, kuma ya tsaya a ƙasa-ƙasa. Mai asma ya tafi da abin shaƙarsa a aljihunsa, ba a jakar da wani ke riƙe da ita can gaba ba. Mai juna biyu da mai goyo suna iya zuwa su shimfiɗa tabarma a inuwar gindin dutse. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono ya ishe shi, ba a ba shi ruwa, uwar ce za ta sha da yawa ta yawaita shayar da shi.

Hajiyata ta bi mu sau ɗaya. Ta hau ɗan tudu, ta zauna, ta ce, "Ku je, ni na ga abin da na zo gani." Ta nuna wa jikokinta inda ganuwa ta bi a da, ta ba su labarin Sarki Tanimu da ya kewaye garin da ita a ƙarni na 19. Da muka koma gida labarin suka yi ta maimaitawa, ba hawan ba. Saboda haka kada a raina zuwan tsofaffi, a dai samar musu wurin zama.

Kayan tafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka jaka tun dare ake haɗa ta. Ruwa ne kan gaba. Lissafina na fitar awa 2 zuwa 3 cikin sanyi shi ne lita ɗaya da rabi ga babba, lita ɗaya ga yaro, sai ƙarin gora guda da ba a taɓawa sai ta ɓaci. Mutanen Zinder ba sa buƙatar a koya musu darajar ruwa, mun san ranakun da famfo ke yin shiru, shi ya sa nake cewa a cika goruna tun jiya. Kowane yaro da ya kai shekara 6 ya rataya tasa. Yana sha sosai in tasa ce.

Takalmi ya zama sau-ciki mai ƙasan roba, da safa. Silifas na zamewa, kuma ba ya tare ƙaya ko fasasshiyar kwalba, waɗanda ba a rasa su a tsakanin duwatsun da ke kusa da gidaje. Dogon wando ya fi gajere saboda ƙarangiya. Mata da ƴan mata su sa wando a ƙarƙashin zane, a ɗaure hijabi ko mayafi kada ya riƙa shiga ƙafa ko iska ta rufe musu ido a wurin sauka. Ni ma babbar riga nake bari a gida. Hula ko malafa ga kowa, da rigar sanyin da za a iya tuɓewa in rana ta ɗaga. A shafa wa yara man kaɗanya a leɓe da dunduniya kafin a fita.

Guzuri kuma mara nauyi: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, lemo, da ɗan alkaki don lallashi. Kilishi na da daɗi amma yana jawo ƙishirwa, a bar shi sai an dawo. Fura da aka dama da nono ba ta jure zama a jaka.

Sai ƙaramar ledar magani: sabulu, auduga, filasta, bandeji, farasitamol, matsefata ta cire ƙaya, da ƙunshi 2 na garin gishiri da sukari da ake samu a kantin magani, wanda ma'aikatan lafiya a nan ke kira SRO. Ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ake zubawa. In babu, a gida ana haɗawa: ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, cikin lita ɗaya. Kada a ƙara gishiri da sunan ƙarin ƙarfi, yawansa na cutar da yaro.

A cika cajin waya, a share tsofaffin bidiyoyin WhatsApp don a samu wuri, a sa ƴan canji a aljihu na kabu-kabu ko adaidaita. A kuma faɗa wa wani a gida ko maƙwabci inda aka nufa da lokacin dawowa.

A kan dutse

Kafin ranar, maigida ya je shi kaɗai ya duba hanya. Wannan matakin shi mutane ke tsallakewa, kuma shi ya fi amfani. Za ka ga ta inda hawa ya fi sauƙi, inda inuwa take, da lungunan da aka mayar wurin bahaya ko juji don ka kauce musu. Ka gaisa da dattawan unguwar da ke zaune a ƙofar gida, ka ce za ka kawo yara. Su za su ce maka, "Kada ka bi ta can, bi ta nan." Yaran unguwar kuwa sun san kowane dutse kamar tafin hannunsu, amma kada naka su kwaikwayi tsallensu, su a nan aka haife su.

Tsarin tafiya: babba ɗaya a gaba, babba ɗaya a baya, yara a tsakiya, kuma mafi ƙanƙanta shi ke bin na gaba. Saurinsa shi ne saurin kowa. Dokokina 3 ne kawai, don yaro ba ya riƙe goma. Ba a gudu. Ba a zura hannu ko ƙafa a rami ko ƙarƙashin dutsen da ido bai ga cikinsa ba. Wanda ya daina ganin Baba ya tsaya inda yake ya yi kira.

A wuri mai tsayi a yi amfani da hannu, ya zama kullum gaɓoɓi uku na dafe da dutse, ɗaya ce ke motsi. Kafin ka ɗaga yaro ka ɗora shi kan wani dutse, tambayi kanka yadda zai sauko, domin sauka ta fi hawa wuya kuma a nan ake faɗuwa. In gangarar ta yi tsanani a zauna a sauko da mazaunai. Wando zai ƙoƙe, ba komai.

Kowane minti 20 a tsaya a sha ruwa, ko ba wanda ya ce yana jin ƙishi. Iskar hunturu na busar da gumi tun bai fito ba, sai mutum ya ɗauka bai rasa komai ba. Yaro kuma in wasa ya yi daɗi ba ya tuna ƙishirwa. Ka riƙa kallonsu. Wanda ya yi shiru bayan da shi ke surutu, wanda ya fara jan ƙafa, mai cewa kansa na ciwo ko jiri ko zuciyarsa na tashi, wanda fitsarinsa ya yi kaɗan ya yi duhu, duk zafi da ƙarancin ruwa ne suka fara aiki. A kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a jiƙa masa kai da wuya da hammata, a yi masa fifita, a ba shi ruwan gishiri da sukari kurɓi-kurɓi. Tafiya ta ƙare daga nan, ko an kai saman ko ba a kai ba. In kuwa ya ruɗe, yana sambatu, ko ya suma, ko jijjiga ta kama shi, a ci gaba da jiƙa shi ana hanyar asibiti, kuma ba a ɗura ruwa a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa.

Harbin kunama ga babba yawanci zafi ne mai tsanani da ke wucewa: a wanke wurin, a ɗora tsumma mai sanyi, a sha farasitamol. Ga ƙaramin yaro asibiti ake zuwa, ba a jira a gani. Saran maciji kuma, musamman kububuwa da ke son busasshen wuri mai duwatsu, a manta da abin da muka taso muka ga ana yi. Ba a tsagawa da reza, ba a tsotsa, ba a ɗaure ƙafa tamau da igiya. A cire zobe ko awarwaro tun wurin bai kumbura ba, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin kada ya taka, a nufi babban asibiti. Kada a ɓata lokaci wajen neman macijin. Ƙaramin rauni a wanke shi da ruwa da sabulu sosai a rufe, in ya yi zurfi ko ƙarfe mai tsatsa ne, a je a tambayi batun allurar tetanus.

Hoto

Sai an samu wuri mai faɗi, kowa ya zauna ya sha ruwa, sannan waya ke fitowa. Ba na tafiya ina kallon allo, ba na kuma barin yaro ya yi baya-baya a kan dutse don ya shiga hoto. Mai ɗauka shi ke matsawa, bayan ya waiga ya ga inda zai sa ƙafa.

Abu na farko, goge idon kamara da gefen riga mai laushi, bayan ka hure ƙurar. Rabin hotunan da ke fitowa dishi-dishi a garin nan ba laifin waya ba ne, maiƙon yatsa ne da ƙurar aljihu.

Na biyu haske. Awa ɗaya bayan fitowar rana da awa ɗaya kafin faɗuwarta, duwatsun nan kan yi ja-ja kamar an shafa musu zuma, inuwa ta yi tsawo, fuska ta fito da kyau. Da rana tsaka kuwa idanu na shigewa cikin inuwa, kowa na yamutsa fuska. Ka tsaya rana na gefen kafaɗarka, ba a bayan mutanen ba, ba kuma cikin idonsu ba. Matsalarmu ta kullum ita ce farar shadda da baƙar fata: waya na ganin farin kaya da hasken sama sai ta rage haske, fuska ta ɓace. Maganinta, taɓa fuskar mutum a kan allo, alamar rana za ta fito, ka ja ta har fuskar ta bayyana. In akwai HDR a wayarka, saitin kamara da ke daidaita haske da inuwa, kunna shi. Ranar fita kuma na fi son yara su sa kaya masu launi, shuɗi ko ja ko kore, sun fi fitowa a jikin dutse.

Hazo ba abokin gaba ba ne duka. Yana cinye nesa, ba za ka samu hoton gari tar daga sama ba, amma yana tausasa haske, hoton fuska na kusa ya yi kyau. Ranar hazo kuma rana kan fito kamar farin faifai. Sa yaro ya tsaya a wuri mai faɗi kan dutse, ka sauka ƙasa da shi, ka taɓa sama a allo maimakon fuskarsa, zai fito baƙi wuluk da siffarsa kawai. Irin wannan hoton na babbar ƴata shi ne a bangon ɗakinmu.

Kunna layukan nan da ke raba allo gida 9, suna cikin saitin kamara. Suna taimaka maka kada ƙasa ta karkace, ka kuma ajiye mutum a kan layin gefe maimakon tsakiya kullum. Kada ka ja hoto da yatsu biyu don kusanto da abu, a yawancin wayoyinmu yanka hoton kawai yake yi ya lalata shi, ƙafarka ta fi. Don a ga girman dutse, sa mutum a gindinsa ka ja da baya sosai. In yara kake ɗauka durƙusa daidai tsayinsu. Kuma ka daina cewa "ku tsaya, ku yi dariya". Hotunan jeri kamar na ƴan makaranta guda ɗaya ya isa, a aika wa dangi. Waɗanda za ka so bayan shekara 10 su ne na yaya tana cire wa ƙaninta ƙarangiya a safa, da na uwargida tana raba dabino.

In an sauko, mukan ratsa ta cikin Birni. Gidajen ƙasa masu zane a fuska da zankwaye a sama sun fi fitowa da hasken safe da ke zuwa ta gefe, domin shi ke fito da tudu da kwarin zanen. Amma gidan mutane ne, ba kayan kallo ba. A yi sallama, a nemi izini, in an ce a'a a yi godiya a wuce. Ba a ɗaukar matan mutane ko almajirai haka kawai. A ƙofar fadar Sarkin Damagaram a tambayi dogarai abin da aka yarda a ɗauka. Duk wurin da soja ko jandarma suke, har da tsohon barikin da Faransawa suka gina a kan tudu bayan sun kama garin a 1899, a mayar da waya aljihu. Ina dai nuna wa yara daga nesa, in gaya musu cewa garinsu ne babban birnin Nijar kafin a mayar da shi Yamai a 1926.

Ɗan fim na gida

Wannan ɓangaren yara suka fi so. Kwantar da waya a kwance in a talabijin za ku kalla. Riƙe ta da hannu biyu, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Kada ka yi ta shara da ita hagu da dama, tsaya cik, abin da ke gabanka shi zai yi motsi. Kowane guntu daƙiƙa 10 zuwa 15 ya isa: fita daga ƙofar gida, ƙafafu na hawa, gari daga sama, cin guzuri, sai saukowa. Guntaye 12 sun ba ka fim na minti 2 zuwa 3, wanda shi ne iyakar haƙurin mai kallo. Bar saitin ingancin bidiyo a 1080, ba 4K ba, don ko a 1080 ɗin minti ɗaya kan ci mega 60 zuwa sama da 100. Iska na lalata sauti, saboda haka in kana son muryar Hajiya tana ba da labari, matsa kusa ka sa bayanka ya tare iskar. Ka kuma miƙa wa yara wayar a wuri mai faɗi su ɗauki nasu. Auta ya taɓa ɗaukar ƙadangare na minti guda cur yana gyaɗa kai, yana yi masa tambayoyi, kuma shi ne guntun da aka fi neman a maimaita.

Haɗawa ba wuya. A manhajar haɗa bidiyo, CapCut ko makamancinsa, ka jera guntayen yadda ranar ta tafi, ka datse farko da ƙarshen kowanne inda hannu ya girgiza, ka rubuta kwanan wata a farko. Ni ba na ɗora waƙa, muryoyinsu nake so. In za ka aika wa ƴan uwa a Kano ko Agadas ta WhatsApp, tura shi a matsayin takarda, ba ta hanyar hoto ba, don kada a matse shi ya dusashe. Hoton yara kuwa ba na sa shi a Facebook. Abin da ya shiga can ba ka da iko da inda zai ƙare.

Bayan an dawo

Wanka, sannan a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu da fitila, domin ƙayar da aka bari ta kwana ita ke yin ruwa. A ci gaba da ba su ruwa har dare, a lura ko kowa ya yi fitsari. Wanda ya bugu a kai, ko da ya ce ba komai, a sa masa ido: amai, barcin da ba a saba gani ba, ko ciwon kai mai ƙaruwa, asibiti. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya a lokacin rani ma ba a kwana da shi a gida, lokacin sanƙarau ne.

Fim ɗin bayan isha'i muke kallo, a tsakar gida, kan tabarma. In akwai wuta a talabijin, in an ɗauke a jingina waya da kwanon sha kowa ya matso. Kafin in kwanta nakan kwafe komai zuwa katin ajiya da ke cikin akwatin uwargida, tun ranar da wayata ta faɗa cikin randa da hotunan hunturu biyu a cikinta.